Yadda Ake Sarrafa Injin Jirgin Filafilai da Kula da Giyarsa a Bahar Maliya

Jirgin ruwa mai filafilai yana iya wuni cur yana tafiya ba a taɓa makullin injinsa ba. Amma lokacin da za a nemi injin, lokaci ne da ba a jira: shiga mashigin ruwan Sharm Ubhur ta arewacin Jidda jirage na kai da kawo, ko bin siririyar hanya tsakanin duwatsun murjani iska na busowa daga gaba. Daga nan yankin zuwa arewa, iskar arewa ce ke mulki kusan duk shekara, don haka mai nufin Rabigh ko Yanbu sau da yawa da inji zai yi rabin tafiyarsa. Idan ya mutu a irin wannan wuri, ba gefen titi da za a gangara a faka.

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke aiki a waɗannan jirage daga garejin mota suka fito, kuma sanin da suka zo da shi yana da amfani, domin injin dizal ne ƙarami, galibi Yanmar ko Volvo Penta, wani lokaci tsohon Perkins 4.108. Sai dai akwai bambanci da mota wanda in ba a riƙe shi ba ake asara. Babu lagireto da fanka, ruwan teku ne ke shigowa ya kwashe zafi sannan ya fita ta salansa tare da hayaƙi. Injin yana zaune ne daidai da fuskar ruwa ko ƙasa da ita. Babu birki, babu kulocin takawa. Kuma ruwan da muke ciki ba irin na ko'ina ba ne: gishirin Bahar Maliya ya kai kusan giram 40 a kowace lita, alhali na manyan tekuna kusan 35 ne, sannan da bazara ruwan kansa yakan haura digiri 30. Ke nan da ruwa mai ɗumi, mai kaurin gishiri, kake sanyaya inji. Mafi yawan matsalolin da za ka gamu da su a nan na ruwa ne: ko ya ƙi shigowa inda ake son sa, ko ya shiga inda ba a gayyace shi ba.

Kafin ka taɓa makulli

Buɗe ɗakin inji da tocila a hannu, ka fara da hanci da ido. Warin dizal, warin ƙonanniyar roba, ko ɗigon mai a ƙarƙashin inji duk labari ne. Shimfiɗa farin ƙyalle ko takardar tsotse mai a ƙasan injin dabara ce mai arha, domin kowane ɗigo zai nuna kansa da launinsa: baƙi na inji, ja na giya, kore ko ruwan hoda na ruwan sanyi.

Zaro gejin baƙin mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ya tsaya tsakanin alamu biyu. In ka ga ya ƙaru alhali ba wanda ya zuba, kada ka yi murna, wani abu ne ya shiga cikinsa, ko dizal ko ruwa. In ya koma fari-fari mai kauri, ruwa ne, kuma ba a tayar da injin sai an gano ta inda ya bi. Duba ruwan sanyi a tankinsa tun inji na da sanyi, domin buɗe murfin nan da zafi ya ƙona fuskoki da yawa. Danna fanbel da babban yatsa a tsakiyar inda ya fi tsawo, ya lotsa kamar santimita ɗaya. Baƙar ƙura a gaban inji alama ce yana cin kansa.

Sai ruwan teku. Akwai bawul a gindin jirgi wanda ke ba shi hanya, bayansa kuma rariya mai murfin gilashi. Rufe bawul, buɗe rariya, ka zubar da ciyawar teku da guntun leda, ka mayar da murfi ka tabbatar robarsa ta zauna daidai, domin in ta karkace famfo zai riƙa jan iska a maimakon ruwa. Sannan ka buɗe bawul: hannunsa ya miƙe daidai da tiyo. Mantawa da wannan bawul a rufe ita ce ta fi kowace irin mantuwa kashe famfo. Maganinta mai sauƙi ne, duk lokacin da ka rufe shi, rataya makullin inji a hannunsa, yadda ba za ka iya ɗaukar makulli ba sai ka ga bawul.

Leƙa kofin da ke ƙarƙashin filtar dizal ta farko. Ruwa ya fi dizal nauyi, don haka a ƙasa yake kwanciya, za ka ga layi tsakaninsu. Kwance ƙaramin murfin ƙasa ka tsiyaye shi a gwangwani har dizal mai tsabta ya fara zuwa. Daga nan ka fita ka zagaya jirgin ka tabbatar ba igiyar da ke lilo cikin ruwa, ba kuma wanda ke ninƙaya a baya.

Tayarwa

Sa hannun giya a firi. A yawancin jirage hannu ɗaya ne ke riƙe da giya da totur, kuma akwai maɓalli a gindinsa da ake dannawa ko ja domin a ƙara wuta ba tare da giya ta shiga ba. Juya makunnin batir zuwa batirin inji. Murɗa makulli mataki ɗaya, ka ji ƙarar gargaɗi, ka ga fitilar mai da ta caji sun kama. Wannan ƙarar gwaji ce, in ba ta yi ba to ranar da mai zai yanke ma ba za ta yi ba. In injin na da hita, riƙe ta 'yan daƙiƙu, ko da yake a zafin Jidda ba kasafai ake bukata ba.

Ba shi kik, amma kada ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 a tashi ɗaya, sannan ka bar sitata ta huce. A nan ne makanikin mota ke faɗawa rami. Duk juyin da injin ya yi, famfo na tura ruwan teku cikin tukunyar salansa, kuma hayaƙin inji mai aiki ne kaɗai ke iya kore shi waje. In kana ta ba da kik injin bai kama ba, tukunyar na cika, har ruwan ya koma baya ya shiga silinda. Ruwa ba ya matsuwa, fistin zai daki bango, sandarsa ta lanƙwashe. Saboda haka in ya ƙi tashi bayan gwaji biyu ko uku, rufe bawul ɗin ruwan teku kafin ka ci gaba da nema, kuma ka ajiye mutum kusa da shi ya buɗe nan take da injin ya kama. In kana zargin ruwa ya riga ya shiga, manta da makulli, ka gwada juya injin da sifana a hankali. In ya cije, a cire nozul a fitar da ruwan, a canza baƙin mai fiye da sau ɗaya, kuma a yi shi a ranar, domin gishiri ba ya jiran gobe.

Da ya kama, ƙarar gargaɗi ta ɗauke cikin 'yan daƙiƙu. In ba ta ɗauke ba, kashe. Sannan wani ya leƙa bayan jirgi ya ga ruwa na fita daga salansa, guda-guda, ɓul, ɓul. A jiragen da ke da tsari za ka ji mai tuƙi ya ɗaga murya, "Yaro, ruwa fa?" a amsa masa, "Yana fita, Rayyis," kuma ba a kwance igiya sai an ji wannan amsa. Kunne ma yana ganewa: salansar da ba ruwa tana da busasshiyar ƙara mai amo, dabam da wadda aka saba. Bar shi a silo 'yan mintoci kaɗan, ba sai ka daɗe ba, domin dizal ya fi yin ɗumi idan yana jan kaya kaɗan.

Shigar da giya

Akwatin giyar jirgi gaba ne da firi da ribas kawai, kuma yana rage juyin inji kusan kashi biyu ko fiye kaɗan kafin ya kai ga farfela. Ƙaramin abu ne, amma kuɗin gyaransa ba ƙarami ba ne, kuma hannun mai tuƙi ne ya fi lalata shi.

Ana shigar da giya ne injin na silo, ƙasa da juyi 1,000 a minti. Tura hannun da niyya, tashi ɗaya, har ka ji ta faɗa ƙwas. Masu lallaɓa shi a hankali suna zaton tausaya wa giya suke yi, alhali kulocin ciki suke gogewa. Daga gaba zuwa ribas, tsaya a firi ka ƙirga uku, farfela ta lafa, sannan ka shiga. Wanda ya fizgo hannun daga cikakken gudu zuwa ribas don ya ga zai daki gadar da ake ɗaure jirage, yana iya karya farantin da ke tsakanin inji da giya, ko ya zare shaf, wato sandar da ke juya farfela, daga mahaɗinsa, sai ya rasa ribas ɗin gaba ɗaya a daidai lokacin da yake nemansa. Shi ya sa ake shiga wurin ɗauri da saurin da ba za a ji kunya ba ko an taɓa gada.

Kafin ka kwance igiyoyi, gwada gaba da ribas na daƙiƙa biyu-biyu, ka ga ruwa ya motsa a baya. Ka kuma san halin farfelarka. Wadda ke juyawa dama in ana gaba, tana jan bayan jirgi zuwa hagu in an sa ribas. Wannan ba lalacewa ba ce, kuma wanda ya san ta yakan yi amfani da ita ya jingina jirgi a gada cikin sauƙi.

In giya ta fara jinkirin shiga, ko injin na ƙara wuta jirgi bai ƙara gudu ba, fara da wayar da ke jan hannun giya kafin ka zargi akwatin. Cire wayar daga ƙaramin hannun da ke jikin akwatin, ka tura shi da hannunka zuwa gaba har ƙarshe, sannan wani ya sa gaba daga wurin tuƙi, ka ga ko bakin wayar ya iso daidai wurin. In ya gaza ko da kaɗan, kulocin yana aiki a rabin kamu, yana zamewa yana zafi. Daidaita wayar aikin minti goma ne.

Kana tafiya

Ka san iyakar juyin injinka daga littafinsa, ka yi tafiya a kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na wannan. Dizal da aka saba wa silo, musamman don cajin batir a wurin ɗauri, yana tara baƙin toka a silinda da gwiwar salansa. Lokaci-lokaci buɗe masa wuta gaba ɗaya na 'yan mintoci. Wannan ma awo ne: in bai kai iyakarsa ba kuma yana fitar da baƙin hayaƙi, yawanci farfela ce da cikin jirgi suka yi kaya, domin a ruwa mai ɗumi irin namu katantanwa da gansakuka ba sa ɓata lokaci wajen mannewa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari iri biyu ne: wanda ke bajewa nan take tururi ne, ruwan sanyaya ya yi kaɗan, wanda kuma ke daɗewa yana warin dizal mai ne da bai ƙone ba.

Kowace sa'a, leƙa ɗakin inji, ka duba geji, ka leƙa salansa. Injin da ke da ruwan sanyi na kansa yakan zauna wajen digiri 80. Caji ya nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Leƙa da ido, hannu a baya. Jallabiya, rawani, hannun riga mai faɗi da carbin da ke wuya ba sa shiga ɗakin inji yana aiki, fanbel da shaf ba sa sakin abin da suka kama.

In kana haɗa filafilai da inji, lura da karkatar jirgi. In ya kwanta sosai, ya wuce abin da littafin injin ya yarda, baƙin mai na taruwa gefe guda famfo ya ja iska, bakin ruwan teku ma yana iya fita daga ruwa. Rage filafilai ko kashe inji.

Idan ƙarar zafi ta tashi

Rage wuta nan take, ka leƙa salansa. In ba ruwa, kashe inji, sai dai in kashewar za ta jefa ka kan murjani, sai ka ja jiki a silo zuwa fili ko ka saki anka. Bi hanyar ruwan daga farko: bawul, rariya, sannan bakin shiga, inda leda kan manne daga waje. Sau da yawa da an kashe inji ledar ke faɗuwa da kanta. In duk waɗannan lafiya, famfo ne.

Cikin famfon akwai imfela, roba ce mai fikafikai da ke juyawa tana tura ruwa, kuma ruwan ne ke sanyaya ta. In ta juya a bushe, ɗan lokaci kaɗan ya ishe ta narkewa. Rufe bawul, shimfiɗa ƙyalle a ƙasa domin ƙananan kusoshin murfin suna son faɗawa ramin gindin jirgi, ka kwance murfin. Kama cibiyar imfelar da filaya ka zaro, kada ka banƙare ta da sukudireba ka ji wa gidan tagullar ciwo. Riƙe ta a haske ka lanƙwasa kowane fiffike baya: in ka ga ƙananan tsage a gindinsa, ko ya ƙi miƙewa, ko bakinsa ya yi sheƙi ya taurare, ta gama. Sannan ka ƙirga. In fikafikai shida ne ka ga huɗu, biyun nan suna cikin inji, kuma wurin da suka fi maƙalewa shi ne bakin kula, wato bututun nan mai siraran bututai a ciki inda ruwan teku ke karɓar zafi daga ruwan sanyi. Cire tiyo ka nemo su, ka jera gutsattsarin a kan ƙyalle har su cika adadi. Wanda ya sa sabuwar imfela ya bar gutsattsari a ciki zai ga zafi ya dawo ya rasa dalili. Shafa wa sabuwar gilisarin ko ruwan sabulun wanke-wanke, ka murɗa ta ciki ta fuskar da famfon ke juyawa, ka sa sabuwar robar murfi, ka ɗaure daidai wa daida. Buɗe bawul. A wannan tekun, canza ta kowace shekara ko da ta yi kyau a ido, ka ajiye biyu a jirgi.

In ruwa na fita amma zafi na hawa sannu a hankali duk lokacin da aka ƙara wuta, zargi siraran bututan kula, waɗanda farin dutse ke toshewa, ko gwiwar salansa inda ruwa da hayaƙi ke haɗuwa, wadda toka da tsatsa ke rage wa baki. Dukansu ana cirewa a wanke, gwiwar kuwa tana da ranar da sai an saya sabuwa.

Dizal

Injin da ya riƙa hawa da sauka da kansa sannan ya mutu, kusan kullum yunwar mai ce. Tana kuma zuwa ne a mummunan lokaci saboda dalili: gajerun raƙuman ruwa masu tsini da iskar arewa ke tayarwa suna girgiza tanki, dattin da ya kwanta wata da watanni ya tashi ya toshe filta. Dattin nan yawanci daga ruwa yake, domin inda dizal ya haɗu da ruwa a cikin zafi, ƙwayoyin halitta na yaɗuwa su zama baƙin yauƙi. Don haka tace duk dizal ɗin jarka da mazurari mai rariya, ka duba robar murfin tanki da ke saman jirgi, ka riƙa barin tanki a cike.

In ka canza filta ko mai ya ƙare, injin ya ja iska, kuma sai an fitar da ita. Sassauta kusar fitar da iska da ke kan filtar jikin inji, ka riƙa danna hannun ƙaramin famfon mai. Da fari kumfa za ta fito, ci gaba har dizal zalla ya zo, sannan ka ɗaure. In hannun famfon ya yi sakwaf ba ya ja, juya injin kaɗan da hannu ka sake. In har yanzu ya ƙi, sassauta notin bututun nozul ɗaya ko biyu, a ba da kik har mai ya tsartu, ka ɗaure, bawul ɗin teku a rufe kamar yadda aka faɗa. Kada ka sa yatsa kusa da tsartuwar nan, ƙarfinta na huda fata, kuma raunin na asibiti ne ko da bai yi jini ba. Koyi wannan aiki a wurin ɗauri da rana tsaka, tun kafin ranar da za ka yi shi jirgi na tangaɗi.

Lissafin mai kuwa, injin doki 30 yakan sha lita 2 zuwa 3 a sa'a. Daga Jidda zuwa Bur Sudan kusan mil 160 ne na teku, wato wajen sa'a 32 a gudun mil 5 a sa'a, kusan lita 64 zuwa 96 in iska ta ƙi taimako. Ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai don ko-ta-kwana.

Kashewa, da inda ake barin giya

Sa firi, ka bar shi a silo kamar minti biyar ya huce, sannan ka kashe da maɓallin tsayarwa ko wayar da ake ja. Bayan ya tsaya cak ne ake murɗa makulli. Kada a taɓa kashe makunnin batir inji na aiki, altaneto ne zai ƙone. In wayar ja ce, mayar da ita ciki, in ba haka ba gobe za a yi ta kik ana zargin batir.

Idan an kashe inji ana tafiya da filafilai, ruwa na juya farfela, kuma a kan inda za a bar giya an sha musu a bakin gada fiye da kima. Amsar tana cikin littafin akwatinka. Yanmar ta ce a bar nata a firi. Ƙananan akwatunan Hurth, waɗanda yanzu ake kira ZF, sun yarda da firi ko ribas. Mai farfela mai naɗewa yakan sa ribas don ta rufe. Abin da ba a yi shi ne barin ta a gaba jirgi na tafiya gaba, wannan cin kuloci ne. In ka bar ta a ribas, mayar da ita firi kafin ka tayar.

Hidimar lokaci-lokaci

Baƙin mai da filtarsa a canza bisa sa'o'in littafi, tsofaffin injuna wajen 100 zuwa 150, sababbi har 250, ko sau ɗaya a shekara in sa'o'in ba su cika ba. 15W-40 na dizal shi aka fi amfani da shi. Ana zuƙe shi ne da famfon hannu ta ramin geji yana da ɗumi, a kai tsohon tudu, ba a zuba shi a teku.

Man giya ne aka fi mantawa, domin akwatin na can baya inda sai an kwanta. Wasu akwatunan ba sa cin ko rabin lita, don haka ɗan yoyo kaɗan ya isa ya bar su a bushe. Kada ka zuba mai da ka: Hurth da ZF ƙanana jan man ATF suke sha, Kanzaki KM2P da ke bayan ƙananan Yanmar kuwa man inji ne, kuma akwai ƙaramin allo a jikin akwatin da ke faɗa. A Hurth ana ɗora gejin ne a bakin ramin ba tare da an murɗa shi ciki ba, wanda ya murɗa zai ga mai ya cika alhali da saura. Cikawa fiye da alama ma tana sa zafi da yoyo. Ɗiga man a farar takarda ka shinshina: ja mai haske lafiya, ruwan ƙasa mai warin ƙuna kuloci na zamewa, ƙyalƙyalin ƙarfe kuwa a kira usta, wato gwanin makaniki.

Inda shaf ke fita daga jirgi akwai wuya da ake cusa wa igiyar faki, wadda ke tare ruwan teku. Daidai shi ne ya riƙa ɗiga 'yan ɗigo a minti in shaf na juyawa, ya kusan tsayawa in an tsaya, kuma bayan tafiya ka iya ɗora hannu a kai, inji a kashe, ka ji ɗumi kawai. Wanda ya ɗaure shi tam don ƙin ɗigo zai ƙona fakin ya ci shaf. Irin na roba marar ɗigo kuma, bayan an fitar da jirgi tudu an mayar, sai an matsa shi iska ta fita ruwa ya shiga. Sabuwar girgiza tana nufin igiya ko leda a farfela, ko ƙafafun roban inji sun saki. In mutum zai nutsa ya yanke igiya, makullin inji ya kasance a aljihunsa, batir a kashe.

Jiragen da giyarsu ke da ƙafa mai ratsa gindin jirgi, in mansu ya yi fari, robar bayan farfela ce ta mutu, sau da yawa zaren kamun kifi ne ya yanke ta. Babbar robar da ke tsakanin ƙafar da jirgi kuwa, Volvo Penta ta ce a canza ta duk shekara 7. Ƙarfen zinki da ke kan shaf, da wanda ke cikin wasu injuna, an sa shi ne don gishiri ya ci shi a bar sauran, a canza shi in ya kai rabi, kuma ba a shafa masa fenti. Akwai kuma ɗan bawul a saman lanƙwasar tiyon ruwan teku da ke hana ruwa tsotsuwa zuwa inji bayan an kashe. Gishiri na daskarar da shi, cire shi ka jiƙa a ruwan daɗi mai ɗumi duk 'yan watanni. Batir mai murfi yana shan ruwa da sauri a zafin nan, a ƙara masa ruwan batir, ba na famfo ba. Bayan guguwar ƙura, wanke ko canza filtar iska.

Wuta da gudun inji

In hayaƙi na fitowa daga ɗakin inji, kada ka wage ƙofar, iska za ka ba wutar. Kashe inji, rufe bawul ɗin dizal, kashe batir, ka fesa abin kashe gobara ta ƙaramin ramin da aka tanada, wani kuma ya yi kira a tasha ta 16 ta rediyon VHF. Ka san inda bawul ɗin dizal yake tun yau.

Wani lokaci, ba kasafai ba, injin da mai ya yi masa yawa ko ya tsufa yakan fara shan baƙin mansa, ya riƙa ƙara gudu ya ƙi kasuwa. Toshe bakin shan iskarsa da katako ko faranti mai ƙarfi, ba da tafin hannu ba, ba da ƙyalle ba. Hayaƙin salansa kuma yana da guba, in mutanen ciki sun fara ciwon kai da jiri inji na aiki, a fitar da su iska, a kashe, a nemi inda tiyon salansa ya tsage.

Idan za a bar jirgi na watanni

Mai jirgi yakan yi tafiyar bazara, ko kai ka tafi gida. Canza baƙin mai kafin a tafi, domin tsohon mai yana cin ƙarfe a zaune. Cika tankin dizal. Rufe bawul ɗin teku, ka cire tiyonsa ka sa a bokitin ruwan daɗi, ka tayar da inji ya sha bokiti biyu ko uku ya wanke gishirin ciki, wani na ƙara ruwa kada ya yanke, ka kashe kafin bokitin ya ƙare, ka mayar da tiyon ka ɗaure. Zare imfela ka sa a leda, ka ɗaure ledar da makulli a hannun bawul. Sassauta fanbel, cire kan batir bayan ya cika, ka shafa giris a mahaɗan wayar giya da ta totur. Rubuta duk abin da ka cire ko ka sassauta a takarda, ka manna ta a kan allon makulli inda wanda zai fara zuwa zai gani.